Kiyashin Gwaggo da shunin Yaya Sale

Watan nan Yaya Sale ya cika shekara bakwai da rasuwa. Kowace shekara da nauyin zuciya nake tuna shi, amma bana ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Na samo amsar tambayar da ya mutu yana yi, kuma na rasa wanda zan rugo in gaya wa, shi ya sa nake gaya muku.

Yaya Sale wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke duba jini a labo, wato ɗakin gwaji, na asibitin mishan da ke wajen Madawa. Ni malamar makaranta ce a Buza, ina auren ɗan gwaggona. Ƴaƴana biyu na fari, mace da namiji, ba wanda ya kai shekara uku. Maruru ya fito, a matse, wani ya fito, kaluluwa ta kumbura ta fashe, daga nan sai tari. Da na haifi ta uku, Hadiza, Gwaggo ta taso daga Tabotaki da hukuncinta a hannu: nonona ne mai dafi, za a cire jaririyar a koma ba ta na akuya.

Ta sa na tatsa a ludayin da ta zo da shi, ta jefa kiyashi ciki. In ya fita da rai, nono lafiya lau. Kiyashin ya yi ta fafutuka har ya sandare. Ina kuka sai ga ƙarar mobilet, ɗan babur ɗin Yaya. Ya saurari bayani, ya karɓi nonon akuyar, ya kama wani kiyashin ya jefa. Shi ma ya mutu.

"To Gwaggo, akuyar ga ma dafi gare ta?" in ji shi.

"Kai Sale, ba ka da kunya! Mi ya kashe mini jikoki, in ba nonon ga ba?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ku taho likita da ɗiyar, ki gani da idonki."

Ashe kafin ɗana na biyu ya rasu, Yaya ya gwada jininsa da wani ruwan magani rawaya da wata baƙuwar lokotoro, babbar likita, ta kawo. Fararen ƙwayoyin jini, masu yi mana yaƙi da cuta, kan fesa wa ƙwayar cuta wata guba su kashe ta. In suna iya fesawa, maganin sai ya rine ya koma shuɗi. Na ɗana bai rine ba. Ranar da muka kai Hadiza, ya ɗiga jininta, muka zauna jira. Can ya leƙa madubinsa mai ƙara girman ƙwayoyi, ya daka tsalle har kujera ta faɗi, ya jawo Gwaggo ya kara mata ido.

"Shuni!" ta ce. "Wallahi kamar an tsoma a marina!"

Hadiza ta sha nonona wata ashirin cur. Amma Gwaggo ba ta janye maganarta kan na farkon ba, ni ma a ƙasan raina ban wanke kaina ba. Yaya kan ce murhu na nan a jinin yaran, itace na nan, mai hura wutar ne babu, kuma bai san dalili ba. Sanƙarau ya ɗauke shi bai sani ba.

Makon jiya na kai wata maƙwabciya asibitin, na tarar baƙuwar lokotoron nan ta dawo. Ta gane ni, ta zaunar da ni. Ta ce masana sun gano mai hura wutar: wani sinadari ne da ke tayar da abin da ke haɗa gubar, sun kuma gano ƙwayar gadon da ke ƙera shi. Kowa biyu yake gada, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba, ɗaya mai lafiya ta isa. Tunda ciwon ya kama har ƴa mace, alhali irin da ke bi ta uwa kaɗai maza yake kamawa, kuma ni da mijina jika da jika ne, ta ce ga dukan alamu kowanenmu ya ba yaran gurguwar.

Da Yaya na nan, yau ba mai zaman lafiya a Madawa. Zai tare mai shayi, ya tare mai nama, ya zana musu ƙwayar jini a ƙasa da tsinke. Mutanen gari suna gardamar jam'iyyu, shi yana gardamar mai hura wuta.

Ban tsaya Buza ba, na wuce Tabotaki. Na tarar da Gwaggo tana sussukar dawa, na zayyana mata komai. Ta jingine taɓarya, ta daɗe tana lissafin dangi da yatsu.

"Kenan ta wajena anka ba ɗana, ta wajen ubanki anka ba ki. Abin Baba na, ya bi mu duka." Ta kama hannuna. "Ɗiyata, shekara nawa ina ɗora miki? Ki yafe mini."

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba, mobilet ɗin ma ta ruɓe a zaure. Ya bar Hadiza, wadda Gwaggo ke kira Ƴar Shuni, tana aji huɗu, ƙatuwa da ita. Ya kuma bar ludayin nan, wanda tun ranar ba a sake jefa kiyashi cikinsa ba. Da shi Gwaggo ta dama mini fura, na shanye tas.