Kawu da Wayar Asibitin Haƙori

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya tsufa yana shara da aike a wani ƙaramin asibitin haƙori. Mutum ne da ko kaza ya gani a ƙofa sai ya tambaye ta kwanan gida. Idan ka aike shi sayen sabulu, to ka haƙura da wankin ranar, don sai ya gaisa da duk mai shagon da ke layin.

Da tsohon likitan ya sayar da asibitin, sabon ya ce ba zai riƙe mai shara zalla ba. Ko dai Kawu ya riƙa ɗaukar waya idan sakatariya ta fita cin abinci, ko a nemo wani. Rabin masu kiran kuma Turanci suke yi. Abin da ake so daga gare shi bai taka kara ya karya ba: ya ce "hold on", ya ajiye kan wayar a tebur, ya kira likita. Ni da na yi boko aka ɗora wa koyar da shi.

Na zaunar da shi a falonmu, na ba shi rimot ɗin talabijin a madadin waya. Na ce "hold on" ma'anarsa "ɗan jira", shi ke nan. Wallahi nan take ya ɗauka, har ya fi ni iya faɗa. Ajiye wayar ce ta gagara. Sai ya ce "hold on", ya ci gaba da riƙe rimot a kunne yana kallona kamar na ce ya zagi surukinsa.

"Yanzu 'yata, mutum ya yi sallama, in ce masa jira, in juya masa baya? Ko wurin zama ban ba shi ba?"

Na ce Kawu, waya ce, ba zaure ba. Ya ce ai mutum ne a ciki.

A wurin aiki kuwa abin ya fi haka muni. Sakatariya ta ba ni labari tana dariya, ni kuwa raina yana ɓaci. Zai faɗi kalmomin nan biyu daram, sannan ya tsaya yana ɗebe wa mai kira kewa da Hausa, yana masa sannu da ciwo, yana tambayar ko haƙorin na sama ne ko na ƙasa. Tunda ba zai saki wayar ba, daga nan inda yake zai ƙwala wa likita kira, likita kuwa hannunsa na cikin bakin wani. Aka yi masa gargaɗi, aka sake yi.

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na tuna masa hayar ɗaki da maganin Inna, matarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce zai gyara.

Ranar da likita ya ce zai sa masa ido, na kira asibitin da tsakar rana na sauya murya, na yi Turanci. Kawu ya ce "hold on". Na ji ƙarar ajiye waya, na ji takun silifas ɗinsa yana nisa. Har na fara hamdala sai takun ya dawo da sauri, ba likita.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, na bar ki ke kaɗai. Kina nan ko?"

Don takaici na kashe wayar.

Da la'asar ya shigo gidanmu da rigar aikinsa a ninke cikin leda. Ya gaida mahaifiyata a tsanake, ya ce an ce ya je ya huta. Na cika na batse, ina jira ya zauna in sauke masa. Sai ya juyo wurina.

"Wata ta kira ɗazu, ta kashe ban ba ta haƙuri yadda za ta gane ba. Yaya ake cewa 'ki yafe ni' da Turanci?"