Gaisuwar da Mama Ta Kai

Abin da zan faɗa daga bakin mutum biyu ya fito: wani tsoho maƙwabcinmu a gabashin birnin Greensboro, Baƙar fata ɗan ƙasar nan da muka yi ƙaura zuwa cikinta, da mahaifiyata. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a. Ban rubuta komai a ranar ba, saboda haka maganganun da zan kawo ma'anarsu na riƙe, ba lafazinsu ba.

Tsohon ya yi aiki a yaƙin duniya na biyu cikin ƙaramin jirgin ruwa mai ɗauke da jiragen sama, irin waɗanda ke yi wa ayarin jiragen kaya rakiya. Wannan ya dace da abin da na karanta daga baya. Sunan jirgin kuwa ban tabbatar ba, kuma a wani zama ya ce a tekun Atlantika abin ya faru, a wani ya ce a tekun Fasifik. Aikinsa hidimar teburin hafsoshi, domin a cewarsa kusan iyakar abin da ake ba baƙar fata irinsa ke nan.

Wata rana ina yanke masa ciyawar ƙofar gida ya ba ni labarin amininsa, abokin aikinsa a kicin. Wani jirgin sama ya kuskure sauka, wuta ta tashi, ta ci aminin nasa. Aka ɗinke gawar cikin tamfol, aka zura ta cikin ruwa. Da yammacin ranar maƙwabcin namu ne ya jera wa hafsoshi faranti.

Da na maimaita wa Mama, sai ta ajiye muciya.

"An yi masa gaisuwa?"

"Mama, an fi shekara saba'in fa."

"Kai da karatunka! Gaisuwar mutuwa tana ruɓewa ne?"

Washegari ta dama fura, ta yafa mayafi, ta sa ni gaba zuwa gidan tsohon in yi tafinta. Ya nuna mata kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa kamar yadda ake yi a garinmu Damagaram.

"Baba, ya haƙuri? Ashe rashi aka yi."

Na fassara iyakar iyawata. Ya tambaye ni wa ya rasu. Na ce amininsa na jirgi.

Sannan ya cire hularsa, ya ce tun daga ranar babu wanda ya taɓa zuwa ya zauna da shi saboda mutumin nan. Mama tana cewa ya yi kuka. Ni abin da na gani hular ce ya ɗora a kan gwiwa, kuma ba zan ƙara a kan haka ba.

Kafin mu tashi ta ce in tambaye shi ko yaron da ya rasu yana da uwa. Ya ce yana da ita, a wani gari da ya manta. Ya yi niyyar nemanta bayan yaƙi, bai samu zuwa ba.

Tsohon ya rasu bayan na gama karatu. Na bincika inda zan iya, amma da laƙabi kawai ya san amininsa. Har yau Mama kan yi mini tambayar da ba ni da amsarta: ita uwar yaron, akwai wanda ya je ya yi mata gaisuwa?