Tokar da Ban Jiƙa Ba

Jiya na bi ta ramin bayan gonarmu a hanyar Dawce, na ga ko tururuwa ba ta zuwa bakinsa. Sai na tuna Baffa, yayan mahaifina.

Duk sharar da za a cike rami da ita, yakan jiƙa kaɗan a kwalba kwana uku, ya shayar da tsiron gero. In tsiron ya yanƙwane, ba a zubawa.

Wata shekara na dawo daga cirani da kamyo, wato babbar mota, cike da baƙar tokar wata masana'anta, mai warin ƙonannen batir. Na juye ta a ramin. Baffa yana kwance ba lafiya, ya ce, "Ka jiƙa ta?"

Na ce, "Na jiƙa, Baffa."

Ya daɗe yana kallon hannuwana da suka fara salewa, sannan ya ce a hankali, "To. Rijiya dai tana gangaren ramin."

Bai cika sati ba ya rasu.

Bana ruwan rijiyar ya fara ɗanɗanon ƙarfe, ga jikokin Baffa suna sha. Yau na rufe ta, na gaya wa mutanen gida gaskiya.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini ƙaryar nan, ya sa ban makara ba.