Magdalena da Yaran da Aka Haifa Rana Ɗaya

Kullum da safe, kafin masu ƙosai su sauke kasko, Magdalena Hezekiah ta riga ta iso ofishin lafiya na Gumel. Za ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta jira a tayar da janareta, sannan ta zauna ta hau ƙwanƙwasa. Tambayi mutum goma aikinta, ka sha amsa goma. Masinja ya ce akawu ce, direba ya ce talbijin take kallo gwamnati na biyanta. Gaskiyar ita ce, ita ta rubuta wa na'urar tsarin da ke faɗa wa masu rigakafi wane yaro ne ya kai wata tara, ya isa allurar ƙyanda, daga Maigatari har Sule Tankarkar. Yanzu da za ta koma gida Pankshin a ƙarshen 1999, ya kamata a faɗi abin da aka gani.

A ƙarshen 1995 ne na'urar ta zo da abin mamaki. Ta ce yaran Ɗanzomo duk rana ɗaya aka haife su, kuma babu wanda ya isa allura. Ga bazara na matsowa, lokacin da ƙyanda ke shiga gari.

Kan Magdalena ya ɗaure. Ta ɗauka ita ce ta yi kuskure, tsarin nata ke kwafe kwanan wata ɗaya yana liƙa wa kowa. Ta bi shi layi-layi, ta goge, ta sake, ta kuma gogewa. Abin yana nan daram. Har magana ta koma yi da ƙarfen, tana cewa, "To ke me kike so ne?" Ta rame, abinci ya fita ranta. Ga shi duk ƙasar Gumel ba wanda za ta nuna wa aikin ya gane.

Da ta rasa ta yi, sai ta bi Safara'u, malamar rigakafi, suka shiga motar Ɗanzomo. A wani gida Safara'u ta tambayi wata mai goyo, Jannatu, yaushe ta haihu.

"Watan Babbar Sallah, ana cikin suyar nama," in ji Jannatu.

Safara'u ta rubuta kwanan watan ranar a takardar rigakafi. Magdalena ta riƙe mata hannu.

"Malama, yau aka haife shi?"

"To Anti, ya zan yi? Injinki ba ya karɓa sai da rana da watan Bature. Wannan ta ce Cika-ciki, waccan ta ce Azumin Tsofaffi. In na bar wurin fili ki dawo min da takardar."

Ashe na'urar lafiyarta ƙalau, Safara'u ma ba ta yi ganganci ba, uwar kuma gaskiya ta faɗa. To laifin wa? Haka suka dawo Gumel.

Amma Magdalena ba ta tsaya neman mai laifi ba. Ita da ke zuwa coci ran Lahadi, ta durƙusa gaban tsofaffin unguwa suna koya mata watannin Musulunci da sunayen da mata ke kiransu, suna yi mata dariya in ta sa Takutaha bayan Azumi. Ta koma ta koya wa na'urar. Aka wayi gari in an buga "Babbar Sallah", na'urar da kanta take lissafa watannin yaro. Motar rigakafi ta riga ƙyanda isa Ɗanzomo.

Ba ko'ina ta riga ta ba. A wata ruga bayan Gagarawa Tasha an binne yara biyu. Har yau in aka yabi Magdalena sai ta ce, "Da na fita da wuri fa?" Abin yana cin ranta, ba ta ɓoyewa.

Magdalena 'yar Pankshin, ba mu da amsar tambayarki, rai na Allah ne. Abin da muka sani, ke ce kika ƙi tilasta wa iyaye mata yaren ƙarfe, kika sa ƙarfe ya koyi nasu. Ke ce kika rikice, ba ki ji kunyar cewa kin rikice ba. Mun gode, Allah ya kai ki gida lafiya.

Ku kuma masu zama gaban na'ura da ke tasowa, in aiki ya cije, ku tashi daga kujera ku je wurin mutanen da kuke yi wa. Ɗan Jannatu bana ya fara zuwa Islamiyya da ƙafarsa, idonsa biyu garau. Bai san sunan Magdalena ba.