Na'urar Kaoje Ba Ta Taɓa Cewa Ta Gaji Ba

Damina shida ke nan da muka kai ƙanena Aliyu makwancinsa a Bagudo. Har yau mutane suna tare ni su ce, "Allah Ya jiƙan Injiniya, bai taɓa ƙorafi ba." Yabo suke nufi. Ni kuwa duk lokacin da na ji wannan magana sai in ji kamar tuhumata ake yi.

Ni na buɗe shagon kwamfuta, amma Aliyu ne mai aikin. Ni dai nawa faɗa da sa hannu. Wata ƙungiyar manoma ta ba mu aikin rajistar masu neman irin shinkafa: suna, hoto, yatsa, da girman gona. Kwamfutoci uku muke da su, ɗaya a Bagudo, ɗaya a Zagga, ɗaya a Kaoje. Duk tsofaffi ne, da an tara wa ɗaya aiki sai ta ɗau zafi ta tsaya. Sai Aliyu ya haɗa su ta intanet, ya rubuta wani tsari: kowace na'ura takan aiko da rahoton nauyin da ke kanta, sabon aiki kuma a tura shi ga wadda ta fi sauƙi. A allonsa mai nauyi takan nuna ja, mai sauƙi kore. Matsalarmu kullum ita ce sabis, domin a bakin iyaka waya takan kama layin Benin ba da saninka ba.

Shekarar da ruwa ya cinye fadamar Kaoje, manoma suka cika shagon, ga shi saura mako guda a rufe rajista. Ta Bagudo ja, ta Zagga ja, ta Kaoje kore shar kwana uku. Ni har murna nake, ina cewa ga jaruma. Aliyu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Yaya, wagga na'ura ba ta gamshe ni ba. Aikin da anka tura mata ya hi na sauran, amma ko gumi ba ta yi. Bari in shiga jirgin ruwa in gano ta."

Na ce, "Ka ga layin mutane kuwa? Allo ya ce lahiya, kai mi kaka nema? Zamna."

Ya zauna. Bai saba musu da ni ba.

Ashe damshi ya lalata ma'ajiyar na'urar. Tana karɓar suna, ta kasa ajiyewa, ta watsar, ta aiko da rahoto cewa ba komai a kanta. Tsarin kuma ya ƙara tura mata. Rajistar kwana uku ta bi ruwa. Wani dattijo daga Kurgu, Baba Manu, ya zo da takardar shaidarsa, aka duba ba sunansa. Bai zage mu ba. Cewa ya yi, "To, ɗiyana, mi za ni shibkawa?" Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Saura kwana huɗu. Na ɗora wa Aliyu sake rajistar, ƙauye ƙauye, a jirgi da babur, kwamfuta a cikin leda. Akwai wasu ma'aikata biyu, amma ɗaya ya ce zazzaɓi, ɗaya ya ce matarsa ta kusa haihuwa, sai na ƙyale su. Aliyu ne bai ce komai ba. Na ga ƙafafunsa sun kumbura, na ga yana dafe ƙeya. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Lahiya lau, Yaya." Na karɓa, domin amsar da nake so ke nan. Ya mayar da yawancin sunayen, har da na Baba Manu. Rana ta biyar da hantsi ya faɗi a bakin shago. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe yana cinsa. Kwana biyu ya yi a asibiti.

Na san ajali ne, malamai sun faɗa mini, kuma na yarda. Amma ajali bai hana ni sanin wanda ya ce masa ya zauna, da wanda ya ce masa ya tashi ba.

Yau rajista ta koma waya, na'urorin da ke rarraba aikin suna can wata ƙasa da ba mu taɓa gani ba. In sunan manomi ya ɓace, babu jirgin da zai kai ka ka duba. Ina jin da Aliyu yana nan zai yaba saurin, sannan ya tambayi wa ke leƙa wadda ta yi shiru.

Kafin ya fita ƙauyukan nan ya ƙara layi ɗaya a tsarinsa: duk na'urar da ta daɗe tana nuna kore alhali ana tura mata aiki, a daina ba ta, a je a gan ta da ido. Layin ya yi aiki har ranar da rajista ta koma waya, ya cece mu sau biyu. Na'ura ya yi wa wannan gata, shi bai samu ba.

Jiya na je gidansa. Hajara, matar da ya bari da 'ya'ya huɗu, tana surfe. Na ce, "Ya gida, ya yara?" Ta ce, "Lahiya lau, Yaya." Shekara shida wannan amsar nake karɓa daga bakin ƙofa in juya. Jiya na cire takalmina, na ce ta miƙo mini tabarma.