Ƙwan Fitila Kwali Goma Sha Biyu

A Wagadugu idan kaya ya ƙi fita ba a zubar da shi. Gangarowa yake yi, hannu zuwa hannu, har ya iso wurinmu. Babban kanti ya rufe a unguwar masu kuɗi ta Waga 2000, ko mai magaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, ya ji sabon kaya na tafe daga bakin teku ba shi da wurin zubawa, sai ya ce a zo a kwashe tsohon gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau, ciniki guda. Alhazan Kano ne ke fara zaɓa, su ɗebi yadi da atamfa su wuce. Masu butiki, wato ƙananan shaguna, na unguwar Gounghin su ɗauki abin da zai yi kyan gani a kanta. Masu moto, wato babur, da ke bin kasuwannin ƙauye su ɗaure nasu. Abin da ya rage bayan duk wannan, shi ne rabonmu, mu tsofaffin matan Zango. Na fi shekara talatin a wannan layi, can a wutsiyarsa, kuma ina tafiya kamar ni ce a gaba.

Al'adar cinikin ita ce ba a kwance kaya. Kwali ɗaya ake bari ki buɗe, ki zura hannu iya wuyan hannu, ba ƙari. Sauran sai ki nema a fuskar mai sayarwa. Ban yi boko ba, amma fuska kam na iya dubawa, ko dai haka nake faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni.

Ina da ɗaki a bakin zaure inda nake tara kaya. Muddin makullinsa na ɗaure a bakin zanina, ina da dalilin yafa mayafi da safe in fita, in gaisa da mutane, a kira ni a ce Hajiya zo ki gani. Gidan kuwa yanzu a hannun babban ɗana yake. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba ma doguwar magana ido da ido. Abin da zan faɗa masa, matarsa nake faɗa wa, shi ma haka. Ita kuwa tela ce, kekenta na matse a ɗakin kwanansu, ta daɗe tana wucewa ta gaban ɗakina a hankali tana leƙensa, ba ta taɓa roƙa ba.

To, shekarar da fitilar sola ta cika gari, wani mai magaza ya fitar da ƙwan fitilar kananzir, kwali goma sha biyu, a farashin da ko kwalin banza ya fi haka. Kowa ya duba ya kauce. Ni na ce a raina ai akwai ƙauyen da har yanzu kananzir suke kunnawa. Ban san sunan ƙauyen ba, ban san ta wace hanya ake zuwa ba, amma na tabbata yana nan. Na saya.

Kaya ya zauna. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kwalaye suka jiƙe suka saki, ɓeraye suka haihu a ciki. Na sayar da ƙwai uku a shekara biyu, ɗaya ma an dawo da shi. Ran nan surukata ta durƙusa ta ce wai mijinta ya ce a gaya mini, shekaru sun ja, ido ya gaji, ko zan huta haka a gyara ɗakin. Na ce ta gaya masa idona ƙalau yake, ya ba ni wata guda. Na ƙara da abin da ba wanda ya tambaye ni: ranar da mataccen kaya ya sake shiga ɗakin nan, da hannuna zan miƙa makulli. A gabanta na faɗa, na kuma sa ta maimaita.

Sai na zauna na yi aikin da ban taɓa gaya wa malamin unguwarmu ba. Na yayyaga wani tsohon zanina, shuɗi mai zanen ganye, ankon da muka yi mu matan layi a wani suna da daɗewa, na naɗe ƙwan ɗaya bayan ɗaya don kada su yi ƙara. Na shimfiɗa takarda a kai. A saman kowane kwali na jera ƙananan kofunan shayi, layi biyu, daidai zurfin wuyan hannu. Na kira wani Bamoshe, ɗan asalin garin, mai butiki a Gounghin. Ya buɗe ɗaya, ya zura hannu, ya ɗago kofi ya duba a rana. Ya kira ni Yaba, wato kaka da yarensu, ya ce, “Duk haka suke?” Na ce masa ai ya ga abin da ya gani. Ya kawo moto mai ƙafa uku ya kwashe. Na share ɗaki, na yi turare, na yi mako ina tafiya a tsakar gida kamar wadda ta dawo daga yaƙi.

Kwanci tashi, aka yi shekara da 'yan watanni. Sai labari ya zo cewa wani dillali Bakano ya sauke ragowar kayan wani otal da aka rufe, har da kofunan shayi, kuma azumi na ƙaratowa. Na yafa mayafi na tafi. Na tarar da ƙawata ta unguwar Tiendpalogo ta riga ni, wadda muka yi zaman layi ɗaya kafin su tashi, muka kuma yi shekaru muna ƙwace wa juna ciniki muna cin goro tare. Kwalayen sababbi fil, an liƙe su da roba mai ƙyalli. Na ƙirga, goma sha biyu. Ko wannan bai tashe ni ba.

Dillalin ya yanke bakin kwali ɗaya. Na zura hannu, na ji sanyin gilashi, na ɗago kofi. Kofin shayi kuwa a garin nan duk kamarsu ɗaya. Na dubi fuskarsa, na ga mutum ne mai gaggawar rabuwa da kaya, na ce a raina yau na kama wanda bai san abin da ke hannunsa ba. Ƙawata ta taya, na ɗora. Ta ɗora, na ɗora. Ta ce mini a hankali, “Ke wai aljanu za ki shayar?” Na ce mata wanda ba shi da ƙarfi ya matsa. Ta matsa. Aka sallama mini, dillali ya yi mini addu'a doguwa, har na ji daɗinta.

Bayan la'asar na shiga ɗaki na tura ƙofa. Na kwashe layin farko, na kwashe na biyu, na ɗaga takarda. Shuɗi mai zanen ganye. Na daɗe a tsugune. Ƙullin ma nawa ne, irin wanda nake yi wa ƙunshin daddawa. Daga baya na ji hanyar da suka bi: daga Gounghin zuwa wani mai moto, daga shi zuwa wata mata a babbar kasuwa, daga ita zuwa Bakano. Kowa ya kai gida, ya ɗaga takarda, ya mayar da ita yadda take, ya sake kwali. Ba wanda ya taɓa kofi ko ɗaya, don kofunan ne ke sayar da kayan. Duk garin nan ba a sami mai sayen ƙwan fitila ba sai mu masu sayar da shi, kuma a cikinmu ba a sami wadda ta saya sau biyu ba sai ni.

Ina nan tsugune sai ga sallamar ƙawata. Ta biyo ni ne ta ce in bar mata rabi, ko duka in na ga dama, za ta ɗora mini wani abu a kai. Na yi maza na mayar da kofunan. Zuciyata ta ce ga ɗakinki ya dawo, gobe da safe babu kwali ko ɗaya, ɗan nawa ba zai taɓa ji ba. Da na so in ce na buɗe baki na gaya mata gaskiya. Ban buɗe ba. Na tura mata kwalin na ce bismilla.

Ta zura hannu. Amma ita a ɗakina ba baƙuwa ba ce, ba ta tsaya a wuyan hannu ba, ta nutsa har gwiwa tana ba ni labarin ciwon ƙafarta. Sai hannunta ya ci karo da tsumma. Ta jawo tsumman ta warware, ƙwai ya gangaro cinyarta. Ta dubi ƙwai, ta dubi tsumma, ta dube ni.

“Wannan ba ankonmu ba ne?”

Na ce ai shuɗi da yawa a duniya.

“Har da ƙunar turaren wuta a gefe? Ina zaune kusa da ke kika ƙone shi.”

Dariya ta kama ta, irin wadda ba ta da sauti da farko, sai kafaɗa ke rawa, daga baya ta ɓalle har ta zame daga kujera. Dariyar ce ta kawo surukata bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta ga ƙwan, ta ga kwalaye goma sha biyu, ta sunkuyar da kai ta juya za ta koma kamar ba ta gani ba. Na san da na yi shiru ba za ta faɗa ba. Amma ƙawata na nan, kuma abin da ta sani da la'asar Zango ya sani kafin magariba.

Na kira ta. Na kwance makullin daga bakin zanina, ƙullin ya ƙi, sai da na sa haƙori. Na ce ta kai masa idan ya dawo daga masallaci, ta ce masa na ce a gyara ɗakin. Ta ce, “Inna, a bari sai bayan salla mana.” Na ce ta karɓa tun hannuna na miƙe.

Ran Juma'a aka shigar da keke. Kwalayen aka kai ɗakin kwanana, shida ƙarƙashin gado, shida a bayan ƙofa. Kofunan na rabar a layi, ƙawata ta zaɓi nata da kanta, ba ta bar dariya ba.

Washegari da safe na tashi na yi wanka, na shafa mai, na yafa mayafi kamar kullum. Sai da na kai zaure na ji ƙarar keke na tuna ba ni da inda za ni. Na tsaya ina gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Surukata ba ta ɗago kai ba. Ta turo mini kujera da ƙafa, ta miƙo almakashi da tulin rigunan salla, ta ce zaren da ke reto a bakin ɗinkin nan ya yi mata yawa. Na zauna na fara yanka.