Ashe huhuna ya girme ni

"Baba, ƙara hurawa!" in ji nas ɗin wani asibiti a Mahuta. Na hura bututun gwajin huhu har na ga jiri.

Ta duba sakamakon, ta ce huhuna na ɗan shekara tamanin ne. Ni ko sittin ban cika ba.

Na ce, "'Yata, ƙurar masaƙa ce. Da difilomata na shaƙe ta shekara ashirin, suka watsar da mu."

Ta ce, "Masaƙa ta rufe tuntuni, Baba. Wa ke kunna maka sigari yanzu?"

Na ce, "Ni da kaina."

Ƙasar nan ta cinye ƙuruciyata, amma sauran numfashina ba zan ƙona shi da hannuna ba. Yau kwana tara rabona da sigari, kuma mun rabu ke nan.

Mashaya, wa ke da ƙarfin halin zuwa a faɗa masa shekarun huhunsa?